Shin sanƙarau na bairos yana jawo cutar MS? Abin da ya kamata ku sani

Daga lokacin da hunturu ya kankama a watan Disamba har zuwa saukar ruwan farko, maganar sanƙarau ba ta barin bakin mutane a Jalingo. Ana jin ta a rediyo, ana jin ta a wurin rigakafin yara, kuma duk uwar da ɗanta ya kwana da zazzaɓi yana kukan ciwon kai sai ta taɓa wuyansa ta gani ko yana lanƙwasuwa. Tsoron ba na banza ba ne, domin Taraba tana cikin jihohin Arewa 19 da hukumar daƙile cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, NCDC, ta lissafa a yankin da cutar ke yawan ɓarkewa. To, yanzu da waya ta shiga hannun kowa, wata sabuwar damuwa ta hau kan tsohuwar. Mutum ya kwanta asibiti, likita ya ce sanƙarau ne amma na bairos, ya warke ya koma harkokinsa. Bayan wasu watanni sai ya ji ƙafa tana sagewa ko ido yana dishi-dishi, ya shiga intanet neman bayani, ya ci karo da sunan wata cuta da bai taɓa ji ba, maltiful siklerosis, wadda likitoci ke taƙaitawa da MS. Daga nan barci ya ƙaurace masa. Shin wancan ciwon ne ya haifi wannan?

A'a. Babu hujjar da ta nuna cewa sanƙarau na bairos yana rikiɗa ya zama MS, kuma akasarin waɗanda suka yi shi suna warkewa sarai. Amma tambayar ba ta wauta ba ce. Akwai ƙwayar bairos guda da aka gano tana da hannu dumu-dumu a MS, akwai kuma wuraren da cututtukan biyu ke kusantar juna har su rikita mutum. Wanda ya fahimci waɗannan zai rage fargabar da ba ta da tushe, ya kuma san abin da ya cancanci a ji tsoronsa a ƙasarmu.

Sanƙarau ba iri ɗaya ba ne

Ƙwaƙwalwa da laka ba a tsirara suke zaune cikin ƙoƙon kai da ƙashin baya ba. Akwai tantani hawa uku da ya lulluɓe su, da wani ruwa garai-garai da ke kewaye da su yana kare su daga bugu. Idan ƙwayar cuta ta kutsa cikin tantanin nan ya kumbura, shi ne sanƙarau. Zazzaɓi, matsanancin ciwon kai, amai, sanƙarewar wuya da ƙin kallon haske duk daga wannan kumburin suke. Ga jariri kuwa, wuyan ba lalle ne ya sanƙare ba. Sai dai a ga ya ƙi nono, yana kuka mai ƙara, jikinsa ya saki, ko maɗigarsa ta kumbura.

Wanda iyayenmu suka sani, wanda ke shiga gari ya kwashi yara da matasa cikin 'yan makonni, na bakteriya ne. Shi ne ya yi ɓarnar 1996, shekarar da mutum fiye da 100,000 suka kamu a Najeriya, sama da 11,000 suka rasu, akasari a Arewa. Shi ne ya sake tasowa daga Zamfara a ƙarshen 2016, ya kama fiye da mutum 14,000 kafin tsakiyar 2017, ya kashe sama da 1,100. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum shida da suka kamu da na bakteriya ɗaya kan mutu, ɗaya cikin biyar kuma kan tashi da nakasa, kuma yana iya kisa cikin awa 24. Allurar da ake yi wa maniyyata kafin su tafi Saudiyya, da MenAfriVac da aka fara yi a Najeriya a 2011, da Men5CV wadda Najeriya ta riga kowace ƙasa fara amfani da ita a 2024, duk domin na bakteriya aka yi su. Babu ko ɗaya cikinsu da ke kare mutum daga na bairos.

Na bairos ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Mafi yawansa daga wasu ƙwayoyi ne da ake kira entarobairos, 'yan gida ɗaya da ƙwayar shan inna, masu zama a hanji, su bi bayan gida da hannu mara wanki da gurɓataccen ruwa su shiga jikin wani. Hangum ma yana kawo shi, kuma wannan abin lura ne a wurinmu, tun da allurar hangum ba ta cikin jerin rigakafin da gwamnati ke yi wa yara kyauta. Haka ƙwayar farankama, da ƙwayar harfis mai fito da ƙuraje a al'aura, da ƙwayar HIV a makonnin farko na shigarta jiki. Yawanci ciwon kan lafa cikin kwana 7 zuwa 10. Magungunan kashe bakteriya ba sa yi masa komai. Hutu, shan ruwa da maganin rage zafi ne jinyarsa, sai fa na harfis da na farankama da suke da nasu maganin. Jarirai sabbin haihuwa da masu raunin garkuwar jiki su ne yakan galabaitar.

Wasu sukan yi makonni, har watanni, suna fama da ciwon kai, kasala da rashin tattara hankali bayan sun tashi. Na harfis kuma yakan dawo wa wasu mutane lokaci bayan lokaci. Waɗannan biyun su ne suke sa mutane zargin ko wata cuta ce ta daban ta kama su, alhali ragowar ciwon farko ne.

A nan dai gizo ke saƙa: a ranar farko babu wanda zai iya bambanta na bairos da na bakteriya da ido, ko da likita ne, balle mai kemis. Abin da ke raba gardama shi ne a ɗebi ɗan ruwan laka ta gadon baya a auna. Na bakteriya yakan mai da ruwan gurɓatacce cike da ƙwayoyin mugunya, na bairos yakan bar shi garau. Iyaye da yawa kan ƙi yarda a yi wa ɗansu wannan gwaji, wai allurar tana gurgunta mutum, kuma ƙin nan yana ci mini rai, domin yana hana likita sanin abin da yake yaƙa da shi. Laka tana ƙarewa ne a saman ƙugu, allurar kuwa ƙasa da nan ake saka ta. Abin da ya fi biyo bayanta shi ne ciwon kai na 'yan kwanaki. Idan yaro ya tashi daga sanƙarau da shanyewar ƙafa ko kurumta, cutar ce ta yi masa, ba allurar ba. A Taraba akwai ƙarin dalilin hanzarta zuwa asibiti, domin jihar tana cikin na gaba-gaba a yawan masu kamuwa da zazzaɓin Lassa, wanda lokacinsa ɗaya ne da na sanƙarau, farkonsu kuma yana kama da juna. Ga kuma maleriya mai taɓa ƙwaƙwalwa, wadda ita ma kan sa yaro jijjiga da suma.

Mece ce MS?

Jijiyoyin da ke ɗaukar saƙo a ƙwaƙwalwa da laka suna da riga ta kitse da ake kira mayelin, kamar robar da ke lulluɓe da wayar lantarki. Idan robar ta zaizaye, wuta sai ta riƙa zuwa tana ɗaukewa, ko ta ƙi isa inda aka nufa. A cutar MS, garkuwar jikin mutum ce da kanta take juyowa ta far wa wannan riga, a ƙwaƙwalwa, a laka da jijiyar ido. Duk inda ta ci sai ya bar tabo. Wani likitan Faransa, Jean-Martin Charcot, shi ne ya fara yi wa cutar cikakken bayani a birnin Faris a 1868.

Alamunta sun danganta da inda tabon ya faɗa. Ido ɗaya ya dushe cikin 'yan kwanaki, yana zafi idan aka juya shi. Gani ya rabu biyu. Hannu ko ƙafa ta sage ko ta rasa ƙarfi. Tafiya ta koma tangaɗi. Fitsari ya riƙa ƙwacewa ko ya ƙi fita. Wasu in sun sunkuyar da kai sai su ji wani abu ya tsarga musu daga wuya zuwa ƙafa. Ga kusan mutum 85 cikin 100, cutar tana farawa ne da zuwa da tafiya: ta taso ta yi kwanaki ko makonni, ta lafa har mutum ya manta, bayan watanni ko shekaru ta ɓullo ta wani wurin daban. Zafi yana tsananta alamun na ɗan lokaci, don haka mai MS a Jalingo zai fi jin jiki a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke doshin digiri 40, ya ɗan samu sauƙi idan ya watsa ruwan sanyi.

Ƙididdigar 2020 ta nuna kimanin mutum miliyan 2.8 ne ke ɗauke da ita a duniya. Ta fi kama mata, ninki biyu zuwa uku na maza, kuma ta fi bayyana tsakanin shekara 20 da 40. Ba a ɗaukarta daga wani, ba ta ɓarkewa a gari, ba ta da lokacin hunturu ko bazara. Tun daga nan mai karatu zai ga nisan da ke tsakani. Sanƙarau baƙo ne ya shigo daga waje ya kumbura tantani cikin awanni ko kwanaki, da zazzaɓi. MS rikicin cikin gida ne, yana cin rigar jijiyoyi a hankali cikin shekaru, kuma shi kansa ba ya zuwa da zazzaɓi.

Ƙwayar da ake zargi

Labarin bairos ɗin da ke da hannu a MS daga Afirka ya faro. A 1958 wani likitan tiyata ɗan Ayaland, Denis Burkitt, da ke aiki a asibitin Mulago na birnin Kamfala a Yuganda, ya ba da bayanin wata kansa da ke kumbura muƙamuƙin yara, ya kuma lura cewa ta fi yawa a wuraren zafi da damshi, inda maleriya ta yi katutu. Aka riƙa aika samfurin ƙarin zuwa Landan, inda a 1964 Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka hango wata sabuwar ƙwayar bairos a cikinsa. Ita ce ake kira Epstein-Barr, a taƙaice EBV, kuma ita ce bairos ta farko da aka gano tana da alaƙa da kansa a jikin ɗan Adam.

Ta miyau take bi, kuma idan ta shiga jiki ta zauna ke nan har abada, tana ɓoye cikin wasu ƙwayoyin garkuwar jiki. Kusan mutum 95 cikin 100 na manya a duniya suna ɗauke da ita, galibinsu ba su ma sani ba. An daɗe ana zargin tana da hannu a MS, amma ta yaya za a tabbatar da laifin abin da ke jikin kusan kowa? Sai a watan Janairun 2022 masu bincike daga Jami'ar Harbad, ƙarƙashin Alberto Ascherio, suka fitar da sakamakon da ya gamsar da yawancin masana. Rundunar sojin Amurka tana ɗiban jinin sojojinta lokaci-lokaci domin gwajin HIV, tana ajiye ragowar. Masu binciken suka bi bayanan sojoji fiye da miliyan 10 daga 1993 zuwa 2013, suka samu jinin mutum 801 da MS ta kama. A cikin 801 ɗin nan, mutum ɗaya tak ne ba shi da EBV lokacin da cutar ta bayyana. Mutum 35 sun shiga aikin soja ba su da ƙwayar, 34 daga cikinsu sai da suka kamu da ita tukuna MS ta biyo baya. Lissafi ya nuna kamuwa da EBV ya ninka haɗarin sau 32. Sun auna wata ƙwayar, CMV, wadda ita ma ta miyau take bi, ba su ga ta ƙara komai ba. A shekarar 2022 ɗin ce kuma masana a Jami'ar Sitanfod suka nuna wata hanya da abin ke iya faruwa: wani ɓangare na ƙwayar EBV yana kama da wani sinadari da ke cikin ƙwaƙwalwa, sai garkuwar jiki ta tashi kai wa ƙwayar hari ta haɗa da nata.

A lura da kyau: sojojin nan ba sanƙarau suka yi ba. EBV takan iya kumbura tantanin ƙwaƙwalwa, amma da wuya ƙwarai, kuma ba ta cikin manyan masu kawo sanƙarau na bairos. Entarobairos da hangum, waɗanda su ne kan gaba wajen kawo shi, ba a same su da irin wannan hujjar a kan MS ba.

Mai hankali zai tambaya: idan kusan dukkanmu muna da EBV, me ya sa MS ba ta cika gari ba? Domin ƙwayar ita kaɗai ba ta isa ba. Lokacin da aka kamu da ita yana da tasiri. A ƙasashenmu yaro yakan ɗauke ta tun yana goye ko yana rarrafe, ta cokali ɗaya, kofi ɗaya, ko abincin da uwa ta tauna ta ba shi, kuma a waɗannan shekarun takan wuce shiru. A Turai da Amurka da yawa ba sa haɗuwa da ita sai sun balaga, a nan ne take kwantar da mutum da zazzaɓi, ciwon maƙogwaro da kumburin kaluluwa na makonni, kuma waɗanda suka yi wannan ciwon haɗarin MS a gare su ya ninka na sauran sau biyu zuwa uku. Sai ƙarancin hasken rana da bitamin D, shan taba, ƙiba a lokacin balaga, da gado. Gadon ma ba hukunci ba ne: tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya, idan ɗaya ya kamu, damar ɗayan ya kamu kusan ɗaya cikin huɗu ce. Shi ya sa cutar ta fi yawa a Sikotland, Kanada da Suwidin, ta ragu yayin da ake matsowa tsakiyar duniya. Ba sanyi ne ke kawo ta ba, don haka mutanen Gembu da sauran tsaunin Mambila kada su ɗauka sanyin garinsu ya saka su a layi. Rana tana dukansu kamar yadda take dukan mutanen Lau da Ibi. A wurinmu, illar EBV da ta fi bayyana ita ce waccan kansar muƙamuƙin yara idan ƙwayar ta haɗu da maleriya mai yawan dawowa.

Akwai bincike guda da ya fi kowanne kusa da tambayarmu, kuma ɓoye shi rashin adalci ne ga mai karatu. A 2021 masana a Suwidin, ƙasar da ke ajiye tarihin jinyar 'yan ƙasarta, sun bi bayanan mutum fiye da miliyan 2. Sun ga cewa waɗanda aka gano a asibiti suna da cutar da ta shiga ƙwaƙwalwa ko tantaninta tsakanin shekara 11 da 19 sun ɗan fi sauran samun MS daga baya, ƙarin da bai kai ninki biyu ba. Cututtukan da aka yi kafin waɗannan shekarun, idan aka haɗa su gaba ɗaya, ba su nuna ƙarin ba. Wannan sakamako ne da ya cancanci a ci gaba da bibiya, amma bai ce sanƙarau na bairos ne ke haifar da MS ba. Ya zuba cututtukan ƙwaƙwalwa iri-iri a rukuni ɗaya, kuma ganin abu biyu sun biyo juna ba ya nufin ɗaya ne ya haifi ɗayan. A Suwidin ɗin ma, inda cutar ta fi yawa, kusan mutum 2 ne cikin 1,000 ke da ita. Ko an ninka wannan sau biyu, fiye da 990 cikin 1,000 ba za su taɓa yin ta ba. A kwatanta ƙasa da ninki biyu da ninki 32 na EBV, za a ga inda nauyin hujja yake.

Sauran abubuwan da ke kawo ruɗani na cikin asibiti ne. Duka cututtukan biyu ana ɗiban ruwan laka domin gano su, sai dai abin da ake nema ya bambanta. Masu binciken gawa sun kuma samu tarin ƙwayoyin garkuwar jiki a tantanin ƙwaƙwalwar wasu da suka daɗe da MS, wanda ke nuna tantanin yana cikin rikicin, amma wannan kumburi ne na hankali da garkuwar jiki ta haddasa, ba sanƙarau ba. Akwai kuma wani ciwo da ake kira ADEM, da ya fi kama yara kwanaki ko makonni bayan ƙyanda, farankama ko wani zazzaɓi, inda garkuwar jiki ke far wa rigar jijiyoyi sau ɗaya da ƙarfi. Ya yi kama da MS a hoto, amma yawanci ba ya dawowa. Wanda kuma ya riga yana da MS, kowane irin zazzaɓi ko mura na iya tayar masa da ita. Kama da wane ba ta wane.

Abin da ya fi kusa da mu

Idan mutumin Jalingo, Zing ko Mutum Biyu ya ji ƙafa ta mutu ko ido ya dushe, MS ba ita ce farkon abin da likita zai nema ba, kuma daidai ne. Idan sanƙarau na bakteriya ya yi, kurumta, farfaɗiya, raunin gaɓa ko wahalar karatu na iya zama tabon da ciwon ya bari. Irin wannan tabon yakan bayyana tun daga tashi daga jinya, ba ya ɓacewa ya dawo ta wani wurin. Tarin fuka yana cin ƙashin baya ya danne laka har ƙafafu su mutu, kuma yana warkewa da maganin da ake bayarwa kyauta idan an kama shi da wuri. Masunta da manoman shinkafa na bakin kogin Binuwai su san cewa tsargiya ba a fitsarin jini kawai take tsayawa ba, ƙwayayenta kan isa laka su gurgunta matashi cikin kwanaki. Ciwon siga, HIV, kuturta, ƙarancin bitamin B12 da shanyewar ɓarin jiki daga hawan jini duk sun fi MS yawa a cikinmu. Akwai kuma wata 'yar'uwar MS da ake kira NMO, mai cin jijiyar ido da laka da tsanani, wadda ta fi kama baƙar fata fiye da Turawa. An gano gwajin jinin da ke tantance ta a 2004, kuma bambanta su wajibi ne, domin wasu magungunan MS suna ƙara wa mai NMO ciwo.

Duk da haka, ban yarda da masu cewa MS cutar Turawa ce ba. Wani bincike da aka yi a jihar Kaliforniya a 2013 ya samu cewa baƙaƙen fata, musamman mata, sun fi fararen fata kamuwa da ita a can. 'Ya'yan baƙin haure da aka haifa a Ingila suna kamuwa kusan daidai da 'yan ƙasar. Likitocin Najeriya sun ga masu MS, sun kuma ba da rahotonsu. Tana da ƙaranci a nan, gaskiya ne, amma wani ɓangare na ƙarancin rashin kayan gani ne. Ba a tabbatar da ita sai da hoton MRI na ƙwaƙwalwa da laka, da likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da zai karanta shi, kuma duka biyun sun yi ƙaranci a Arewa maso Gabas, ga tsada.

Halin cutar ma yana taimakawa wajen ɓoye ta. Budurwa ko matar aure mai shekara 25 ta wayi gari ido ɗaya ba ya gani, bayan wata guda ya buɗe. Baɗi ƙafa ta mutu, ta sake tashi. Me za a ce a gida? Iska ce, ko sammu, ko kuma a ce raki ne da son jiki. Tun da ciwon yana lafawa da kansa, duk wanda ya yi mata magani na ƙarshe, malami ne, fasto ne ko mai maganin gargajiya, shi za a ce ya warkar da ita, alhali cutar tana nan tana ƙara tabo a ɓoye. Addu'a tana da muhallinta, kuma ba ta hana a je a ɗauki hoto. Shekarun da ake ɓatawa a wannan zagayen su ne shekarun da magani ya fi amfani.

Domin akwai magani, ko da yake ba mai warkarwa gaba ɗaya ba. Idan ciwon ya taso ana ba da allurar sitiroyid mai ƙarfi ta 'yan kwanaki a asibiti. Tun daga 1993 aka fara samun magungunan da ke rage yawan tasowarsa da jinkirta nakasa, kuma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka uku daga cikinsu, kiladiribin, gilatirama da rituksimab, cikin jerin muhimman magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada. Suna da tsadar da talaka ba zai iya ba, kuma ya kamata hukumomin inshorar lafiya na tarayya da na jiha su duba wannan. Rigakafin EBV kuwa ana kan gwajinsa, bai fito ba tukuna. Gargaɗi ɗaya: kada jin an ambaci sitiroyid ya sa wani ya je kemis ya sayi deksa, wadda ita ma sitiroyid ce, ya riƙa sha. Idan tarin fuka ne ke cin ƙashin bayan, deksa ita kaɗai za ta rufe alamun ta bar cutar tana yaɗuwa.

Wanda ya yi sanƙarau na bairos ya warke ba ya buƙatar hoton MRI don tsoron MS, ba ya buƙatar wani magani na kariya. Wanda ciwon kai da kasala suka ƙi sakinsa bayan wasu makonni ya koma wurin likitan da ya duba shi. Amma duk wanda ido ɗaya ya dushe masa, ko gani ya rabu biyu, ko wata gaɓa ta sage ko ta rasa ƙarfi fiye da kwana guda, ko ya taɓa yin sanƙarau ko bai taɓa ba, ya je Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na jiha da ke Jalingo a duba shi. Idan abin ya zo farat ɗaya, da karkacewar baki ko sarƙewar harshe, wannan shanyewar ɓarin jiki ake zargi, ba a jira ko awa ɗaya. Ku samu ɗan littafi ku riƙa rubuta ranar da kowace alama ta fara, gaɓar da ta kama da ranar da ta lafa, ku ajiye duk takardun gwajin da aka taɓa yi muku, domin da wannan tarihin ne likita ke gane cutar da ke zuwa tana tafiya. Idan abin ya maimaita kansa, ku roƙi a rubuta muku takardar tura ku wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a asibitin koyarwa, ko a Yola, Gombe, Jos, Maiduguri ko Kano. Yaron da ke da zazzaɓi da sanƙarewar wuya kuwa, ku kai shi asibiti a daren, ku kuma yarda a ɗebi ruwan bayansa.